Maza Goman da Makhluf Ya Nema

Makhluf Bittan Bayahude ne baduku, shi ke ɗinka wa unguwarmu takalman salla. Yahudawan garin sun watse tun yana matashi, shi ya zauna don matarsa Fireha ta ce ba inda za ta. Ranar da ta rasu aka duba, mazan Yahudawa huɗu suka rage har da shi. A addininsu kuwa ba a yi wa mamaci addu'a sai maza goma sun tsaya. Haka aka binne ta shiru, abin ya tsaya masa a rai.

Ana nan sai ga Si Lahsan, wani jami'in gwamnati mai daɗin baki. Za a yi taron yaƙi da wariya a Geneva, ƙasashe na ta rigima kan ko a ambaci ƙin jinin Yahudawa a matsayar taron.

"Baba Makhluf, zuwa kawai za ka yi su gan ka, ka ce lafiya lau kake zaune."

"Akwai Yahudawa a wurin?"

"Kamar me! Su ne ma ke hana mu barci."

Tsoho ya yarda nan take.

A Geneva ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, aka tafa. Da yamma aka cire maganar daga matsayar, wakilan Yahudawa suka tashi suka fice a fusace. Ya bi bayansu yana dogara sanda yana haki, ya kamo hannun rigar shugabansu.

"Ɗan'uwa, maza goma nake nema. Matata ce. Ba zan ɓata muku lokaci ba."

Mutumin ya zare hannunsa. "Kai ne akun da suka kawo? Da bakinka aka kayar da mu. Je ka, masu kejinka su yi maka addu'ar."

Si Lahsan yana kallo daga ƙofa. A jirgi ya ce, "Ashe tsoho kana da 'yan'uwa a waje." Maganar ta riga su isa gida. Mu da muka girma da takalmansa a ƙafa muka daina kai masa ɗinki, har gaisuwa muka rage.

Bai kai wani taron ba ya mutu. Amma an ambace shi a can. Wakilinmu ya ce rayuwarsa shaida ce ta zaman lafiya, wancan shugaban ya ce shaida ce ta zalunci, har da share hawaye. Mazan da suka rage su uku ne suka binne shi kusa da Fireha, shi ma shiru.