Saƙon da Tanko Ya Hana Tsuntsu Kaiwa

A gidanmu na Kutama, da an yi sallar magariba an ci tuwo, sai mu yara mu nufi ƙofar ɗakin kakarmu, Iya Hansai. In lokacin sanyi ne, ta riga ta hura wuta da karan dawa, ta tura dankali cikin toka. Ni take kira Maigida, don sunan kakanmu aka sa mini, kuma ba ta fara tatsuniya sai ta tsokane ni.

"Maigida, yau ma hannu rabbana ka zo? To zauna, ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi babu dankalinsa."

A cikin tatsuniyoyinta, ta Tanko mai kai saƙo ce ta fi zama mini a rai. Tanko mutum ne mai sauri, shi ake aika tsakanin garuruwa. Wata rana wani baƙo ya kawo tsuntsu mai magana. Duk abin da aka faɗa masa, sai ya tashi fir, ya kai shi daidai. Kafin Tanko ya ɗaura takalmi, tsuntsu ya je ya dawo. Mutane suka daina sallama a ƙofar Tanko.

A nan muke ɗaga murya mu ce Tanko ya ɗauki gwafa ya harbi tsuntsun. Sai Iya ta girgiza kai.

"Me tsuntsu ya yi masa? Tanko hatsi ma yake watsa masa. Zama ya yi yana kallon irin aikinsa."

Ana nan, wani saurayi ya rasu a wurin fatauci. Aka kira tsuntsu ya je ya gaya wa uwarsa. Tanko ya tare hanya ya ce wannan kam shi zai kai, don tsuntsu zai same ta ne a bakin rijiya ya faɗa mata gatsau. Ya tafi da ƙafarsa. Ya fara biyawa ta wurin yayanta da maƙwabtanta, suka shiga tare. Ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya ce jikin yaron ya yi tsanani, sai da ta zauna sannan ya ƙarasa. Tun daga ranar aka raba aikin: labarin ruwan sama da ranar biki na tsuntsu, rasuwa da sulhu da neman aure na Tanko.

Na girma na yi karatun harsuna, na samu aiki a Kano ina fassara bayanan kiwon lafiya daga Turanci zuwa Hausa. Ina son aikin, kuma na iya shi. Sai ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Abin da nake wuni a kansa, sai a gama shi kafin shayi ya huce. Aiki ya fara janyewa, ga mata ga 'ya'ya. Wasu abokan aikina suka yi ta zagin na'ura, wasu suka ce in koma sayar da waya. Ni kuwa na zauna na tambayi kaina: a cikin abin da nake yi, wanne ne sai da mutum?

Amsar ce ta kai ni makarantar koyon aikin lafiya, ina zama aji da sa'o'in ƙannena. Ban ji daɗin shekarun nan ba, amma na gama. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a wajen Masanawa, ta Kabo. Manhajar tana cikin wayata, ita ke rubuta mini sanarwar rigakafi, ina dubawa in gyara.

Bara aka gwada wani dattijo manomi, Malam Buba, aka same shi da ciwon suga. Kafin ya dawo wurinmu, wani ɗan'uwansa ya tambayi manhaja ya karanta masa duk abin da ciwon ke iya jawowa, har da yanke ƙafa. Babu ƙarya a ciki. Amma Malam Buba ya shige ɗaki, ya daina ci, ya ce ba ya shan magani tunda abin ya zo.

Na je gidansa da la'asar. Muka gaisa, muka yi ta hirar gero da tsadar taki, ban ambaci ciwo ba har sai da shi da kansa ya ce, "Malam Isa, gaya mini gaskiya, zan sake noma?"

Na ce, "Baba, da yardar Allah za ka yi. Amma akwai sharaɗi, kuma furar nan mai sukari tana ciki."

Ya yi dariya, karon farko a makon. A gabana ya sha maganin.

Da ina yaro, na ɗauka tatsuniyar Iya labarin wanda ya yi nasara a kan tsuntsu ne. Yanzu na gane labarin mutumin da ya san inda ake bukatarsa ne, ya kuma yarda ya bar sauran. Iya ta rasu ba ta taɓa riƙe waya ba, Allah ya jiƙanta, amma ita ta zaɓa mini sana'a.

Da daminar bana na bi ta gefen gonar Malam Buba a kan babur. Yana tsakiyar kunya, fartanya a hannu. Ya ɗaga ta sama ya ƙwala mini kira:

"Malam Isa! Tsaya ka ga ƙafar, ga ta nan tana aiki!"