Hannun da Iya Ta Ɓoye

A ƙauyenmu, kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, ɗakin kakata Iya ne na ƙarshe a gidan, can dab da turken awaki. Ta yi ciwon kuturta tun mahaifina yana yaro, aka kai ta asibitin mishan a ƙasar Kano, ta daɗe a can. Ta dawo da lafiyarta, sai dai yatsun hannunta na dama sun gutsure, kuma gari bai taɓa yarda ta warke ba. Kwanonta daban, butarta daban. Mahaifiyata fura take sayarwa, kowa a gidan ya san ranar da aka ji Iya na taɓa mu ko kayanmu, ranar cinikin zai mutu.

Lokacin sanyi, in mun gama cin tuwo, sai Iya ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Ita a wancan gefen, mu jikoki a wannan.

"Maigidana, matso ka ji ɗumi," haka take ce mini, "amma iyakarka nan. Mijin da ko goro bai taɓa kawo mini ba!"

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai labarin da ta ɗauko a asibiti, na Annabi Isa da wani kuturu. Mahaifina ba ya son sa.

"Iya, don Allah ki rage labaran mishan ɗin nan. An fara yi mini magana a masallaci."

"Kai yaron nan, Annabi Isa nasu ne su kaɗai? Can sun ce na ƙi bin su, nan kun ce na bi su. To ina zan zauna?"

Sai ya wuce, ita kuma ta ci gaba. Ta ce a ƙasar da abin ya faru, kuturu ba ya shiga gari. In ya hango mutane, dole ya ɗaga murya tun daga nesa don su kauce. Wata rana wani kuturu ya gaji da kaucewa, ya ratsa taro, ya durƙusa gaban Annabi Isa yana roƙo. Jama'a suka dare. Shi kuwa ya miƙa hannu ya dafa shi, ciwon ya tafi.

A nan take tsayawa ta kalle mu. "Wanne aka fara?"

"Warkewa!" mu amsa don tsokana.

"Ja'irai, ƙarya kuke. Dafawa aka fara. Da gyambonsa da ɗoyinsa. Ai da ya so, daga nesa ma magana kawai zai yi."

A daminar da aka haifi ƙanwata, mahaifina ya sa mata Hauwa, sunan Iya. Ranar suna mata sun cika gidan, jaririya na ta yawo daga cinya zuwa cinya, mai sunan kuwa tana zaune a bakin ɗakinta da sabon zane, ba wanda ya je kusa. Ban san abin da ya taɓa zuciyar mahaifiyata ba. Sai gani muka yi ta karɓi 'yarta, ta ratsa tsakar gida, ta durƙusa gaban surukarta.

"Iya, ga takwararki."

Hirar mata ta ɗauke. Iya ta fito da hannayenta daga cikin mayafi, har sun yi rabin hanya. Sai ta dubi matan nan, ta mayar da su.

"Tashi, 'yar nan. Masu sayen furarki duk ga su nan zaune. Na gan ta, Allah Ya raya."

Mahaifiyata ta jima a durƙushe. Iya ba ta sake miƙo hannu ba.

Na yi yawon duniya bayan haka. Na ji labarin nan da Faransanci a Kwatano, na ji shi da Larabci wurin wani abokin ciniki a Masar, na ji shi da Turanci. Duk inda na ji shi, da warkewa ake rufewa, mai ba da labari ya nisa, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya mini yadda mutumin ya ƙare bayan ya koma gida, ko shekara nawa ya yi kafin ya iya miƙa wa ɗan'uwansa hannu ba tare da ya waiga ba. Sai da na tsufa na gane cewa wanda aka daɗe ana gudu, shi da kansa yake zama mai gadin ƙofar da aka rufe shi da ita, har ya riƙa tsaron ta saboda ƙaunar waɗanda ke waje.

Hauwa yanzu da jikokinta a Sule Tankarkar. Bara muna hira ta ce mini, "Yaya, muryar Iya ina jin ta har gobe. Amma tafin hannunta, laushi ne da shi ko kaushi?"

Na daɗe ina tunani. Ni ma ban sani ba.