Likita Meshak, Wanda Ya Wanke Ni da Kyanwata

Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, aka aiko mini cewa Likita Meshak, mai duba dabbobi a Kafanchan, ya faɗi a bakin aiki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Meshak, ni Dinah ban yarda da kai ba da farko. Bara ne gashin kyanwata ya riƙa zubewa, zagaye-zagaye kamar kwabo, sai ga irin tabon a kan 'ya'yan maƙwabciyata Paulina. Ga ni gwauruwa, ga tsufa, ga kyanwa: nan take aka ce maitata ce. Dattawan ikilisiya suka dakatar da ni daga cin Jibin Ubangiji. Da ka iso da jakarka, na ɗauka turo ka aka yi ka ba kyanwar guba, ko kujera ban ba ka ba.

Ka rufe taga, ka haska ta da wata fitila mai shuɗin haske, tabon ya yi kore shar. Ka tsige gashi ka tafi da shi awo. Da ka dawo ka ce, "Mama, makero ne kawai. Yana kama mage, yana kama mutum." Mako shida kana zuwa, kana yi mata wankan magani kana ɗura mata na sha. Ka sa na tafasa tsummokaranta, ka tura yaran asibiti. Da ta warke ka rungume ta har gaban dattawa, ka ce kowa ya taɓa. Lahadin nan na ci Jibi ina hawaye.

Jiya na je gaisuwa gidanka. Ina zama, matan da ke kan bencin suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Paulina ta fi kowa kuka, amma idonta na kaina. Na san abin da ake raɗawa, wai gidana ka fi zuwa, maitata ce ta cinye ka. Tsoro nake ji, kuma babu kai.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutawa a wurinsa, ya ta'azantar da 'ya'yanka da dangi duka. Ke kuma Lucy matarsa, Allah ya ba ki haƙuri. Kin san shekarun da ya yi yana fama da hawan jini. Ranar Asabar zan zo jana'iza. Idan na miƙo miki hannu, 'yata, ki karɓa a gaban jama'a.