Madafin da Hammawa Ya Gina

Shekara shida Hammawa mai jinka ya yi yana gyaran ɗaki ɗaya, ɗakin ma da bai wuce taku biyar ba ta kowane gefe. Ni Saudatu, matar Zarami, maƙwabciyarsu ce a Azare. Katangar da ta raba mu ba ta kai mini kafaɗa ba, don haka abin da ban gani ba kaɗan ne. Har yau in na tuna ginin nan sai in ji jikina ya mutu, kamar ni na ɗebo ƙasar.

Hammawa Bafillacen gida ne. Iyayensa sun zauna wajen Bulkachuwa bayan annoba ta share musu garke, shi kuwa ko maraƙi bai gada ba. Da damina ya noma geronsa, da rani ya hau ɗakunan mutane ya rufa musu ciyawa. Rufinsa yakan yi shekara bakwai ba yoyo, har daga Dagauda ake aiko masa. Dogo ne siriri, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Matarsa Dijatu, wadda nake ce wa Adda, ta fi shi shiru. In ka ji murya a gidan nan, to, kaji ne.

Shekarar da fara ta cinye gero, ran wata Talata da bazara, guguwa ta faɗo gidan da la'asar. Ta ɗauki tartsatsi daga murhu ta manna wa rufin bukkar da Adda take girki a ciki. Kafin mu kawo tulu biyu bukka ta tafi, rumbu ya bi ta, gefen zanen Adda ya kama, ƙafarta ta hagu ta saluɓe daga gwiwa zuwa idon sawu. Wata biyu tana kwance. Hammawa bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, ya dai tsaya a kan tokar ya ce rufin nan shi ya yi shi. Daga nan ya rantse ciyawa da iska ba za su ƙara kusantar wutar matarsa ba. Madafin ƙasa zai yi mata, soro, irin na gidajen attajirai.

Magina suna nan cike da gari, wani ma ya yi masa tayin taimako saboda Allah. Ya ƙi. Wai hannun da ya yi ɓarna shi zai yi gyara. Mijina ya ce masa jinka daban, gini daban, ya ce ya ji.

Ƙasar unguwarmu rairayi ce, ba ta kama kanta. Sai da ya dinga zuwa kududdufin bayan gari yana ɗebo jar ƙasa a kwando, a ka, sawu shida kafin hantsi, sannan ya tafi aikin mutane. In ya dawo ya cuɗa ta da ƙafa, ya dunƙula tubali ya jera a rana. Ranin farko bango ya kawo masa ƙirji, damina ta tarar da shi. Kowa ya san ginin da ba a gama ba ciyawa ake kifa masa a ka kada ruwa ya ci shi, kuma duk Azare ba wanda ya fi Hammawa ciyawa. Amma ya rantse. Muna kallo bango ya narke kamar gishiri a miya.

Rani na biyu ya sake daga tushe. Yana tsaka da shi aka rubuta sunansa cikin masu aikin hanya, ya yi kwana arba'in yana fasa tsakuwa, ya dawo da tari da faso. Wannan karon tsofaffin tukwane ya farfasa ya kifa wa bangon, rabi ya tsira. Rani na uku ya shiga neman azara, itacen giginya da ake shimfiɗawa a ɗora ƙasar rufi a kai. Ya ari jakinmu ya dinga zuwa wajen Disina, bibbiyu yake jawowa. Jakin nan bai ƙara moruwa ba, mijina har ya mutu yana mitarsa.

Duk shekarun nan uku Adda a tsakar gida take girki, gindin kurna, in ruwa ya sauko ta ɗauko tukunyarta ta shigo madafina. Daga baya ta ce mini ba ta taɓa hutawa irin na lokacin ba.

Ran da aka gama rufi Hammawa ya yi wanka ya sa farar riga. Ya kira ta ya nuna mata: ƙofa gajera tana kallon yamma don kada iskar hadari ta shiga, 'yar kafar iska ɗaya can sama wadda ko kyanwa ba za ta bi ba, dakalin ajiye ƙore, murhu a lungu nesa da ƙofa. Ta durƙusa ta yi masa sannu da aiki, ta yi masa addu'a. Na gan shi ya yi murmushi, abin da na daɗe ban gani ba.

Washegari ta hura wuta a ciki.

Akwai abin da kowace mace ta sani, ko da ba a gaya mata ba. Ciyawa tana shan hayaƙi, ya ratsa ta ya yi sama abinsa. Ƙasa ba ta shan komai. Hayaƙin madafin Hammawa sai ya tashi ya buga rufi ya dawo ya zauna a kan mai girki. Da na leƙa ban ga Adda ba sai da ta yi tari. Tana tsugune, ta kusa sa haɓa a ƙasa, tana tuƙa tuwo da ido a rufe, hawaye na bin kumatunta. Na ce ta gaya masa tun yau. Ta ce mutumin da ya yi shekara uku yana ɗaukar ƙasa a ka saboda ita, da wane baki za ta ce masa bai yi ba? Ta sa na rantse ba zan furta masa ba. Na rantse, kuma wannan rantsuwa ita ce wautar da ta fi kowace a rayuwata.

Za a ce shi ba ya gani ne? Ina zai gani? Namiji mai mutunci ba ya shiga madafi ana girki, balle Bafillace. In wuta na ci yana zaure ko masallaci. Shi sai da hantsi yake shiga, an share, toka ta huce, ya tarar da ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Baƙin da ya gani a bango kuwa, ai kowane madafi da baƙinsa.

Kuma bai tsaya ba, nan ne abin ya fi ci mini rai. Mutum ne da ba ya iya ganin aiki ya ce ya isa. Rufin farko ya tsattsage, hayaƙi ya samu 'yan hanyoyi yana sulalewa. Hammawa ya hango shi daga waje yana fita ta tsaga, ya ce inda hayaƙi ya bi wuta ma za ta bi. Rani na huɗu ya hau ya liƙe su ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ya shafe rufin da bango har suna ƙyalli. Mu mata muka taru muka yi masa daɓe, muna bugu muna waƙa, ni ina bugawa ina jin kamar kaina nake bugu. Rani na biyar ya sassaƙa ƙyaure saboda awaki. Na shida ya ja wata 'yar katanga a gaban ƙofar don ta tare iska. Kowane gyara Adda ta durƙusa ta yi godiya, kowane gyara idonta ya ƙara ja.

Ta yi dabara, ba ta zauna haka ba. In ya tafi gona sai ta fito da duwatsu uku tsakar gida ta yi girkinta, da ta ji gyaran muryarsa a zaure ta kwashe. Wata rana ya dawo da wuri ya tarar da ita. Ya dubi wutar, ya dubi rumbun da ya sake ginawa, ya dubi madafin, ya wuce ɗaki, tuwon ranar loma uku ya yi. Daga ranar ba ta ƙara ba.

Na gaya wa Zarami, tun da ban rantse a kansa ba. Ya ce shi ba zai tari namiji ɗan'uwansa da zancen madafin matarsa ba, me za a ce ya je nema can? 'Yarsu Fatu kuwa tana aure a Dagauda, in ta zo kwana biyu ne, uwar ta hana ta shiga girki wai baƙuwa ce. Haka muka taru, mu duka masu kunya, muka zuba ido.

Da farko zaren allura ne ya gagare ta. Sannan tsintar tsakuwa a wake. Ta sa tozali, ta wanke da ruwan sassaƙe, na raka ta asibiti aka ɗiga mata magani. Malamin asibitin ya tambaye ta ko tana zama cikin hayaƙi, ta ce kamar kowace mace. Ban san ko hayaƙin ne kaɗai ba, Allah shi ya sani, akwai waɗanda suka makance ba su taɓa riƙe muciya ba. Amma ni na ga abin da na gani. A shekara ta takwas da rufin ta fara gane ni da takun ƙafa. Hammawa ya damu ƙwarai, ya kai ta wajen masu magani har Katagum. Abin da ya sa a ransa shi ne ƙunar wutar farko ce ta hau mata ido, sai ya ƙara gode wa Allah da ya gina mata soro.

Daminar shekarar da soja suka dawo daga yaƙin Bama zazzaɓi ya kwantar da ita. Ni ma ina fama da nawa gidan, ban leƙa ba sai bayan azahar, na damo kunu na kai. Ina shiga na ga hayaƙi yana malalowa ta ƙasan 'yar katangar nan. Sai ga Hammawa ya fito daga madafi da rarrafe, ba hula, yana tari kamar zai amayar da hanjinsa. Ashe ruwan zafi ya shiga ɗora mata da kansa, da kara mai danshi, don ya ji kunyar kirana. Ya jingina da bango, ido jawur, majina da hawaye sun haɗu a gemunsa. Shekara ashirin muna maƙwabtaka bai taɓa kallon fuskata ba sai ranar.

"Saudatu, haka yake kullum?"

Na tuna rantsuwata. Na kuma ji na gaji da ita, gajiyar da ban iya ɗauka ba.

"Yau da sauƙi, Malam," na ce. "Ba ka tura ƙyaure ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ka ɗora rufi."

Na ga laɓɓansa suna motsi, ina jin shekarun yake ƙirgawa. Na ajiye kunun na shiga wajen Adda, don tsayuwa a gabansa ta gagare ni.

Ba a daɗe ba muka ji ƙarar sara. Gatari ya ɗauko yana saran bangon gabas, wanda ya fi shan makuba, ga hadari ya haɗo. Ba mai hankalin da zai fasa ginin ƙasa da tsakar damina, mijina ya leƙo ta katanga ya gaya masa haka, bai ko juyo ba. Bangon ya yi tauri kamar dutse, shi ya mai da shi haka. Sai da ya kai la'asar sakaliya kafin ya huda inda mutum zai iya sa kai da kafaɗa. Ya koma ta yamma ya huda wani. Ya ture 'yar katangar da ƙafa. Adda tana kwance tana jin kowane sara. Ta kama hannuna ta ce na ci amana. Na ce na ci.

Bayan kwana biyar ta tashi. Shi ya riƙo hannunta, a gabana, abin da ban taɓa gani ba, ya kai ta madafin. Haske ya cika ɗakin har kana ganin kunkunniya tana reto a jikin azara. Ta saki hannunsa ta lalubi bango, ta bi shi har yatsunta suka faɗa cikin ramin. Ta shafa gefensa, duk kaushi, ruwa ya riga ya fara cinsa.

"Malam, ka ɓata yaɓenka," ta ce.

Ya ce ba komai. Ya tambaye ta ko tana ganin hasken, ko da kaɗan ne. Ta tsaya ta ɗaga fuska ta daɗe, ni na san so take ta samo masa wani abu da zai riƙe.

"Ina jin iska," ta ce. "Sannu da aiki."

Ta yi shekara tara bayan nan tana girki a ɗakin da lalube, ba ta taɓa kuskuren gishiri ba. Hammawa ya daina hawa jinka da wuri, ƙafa ta ƙi. Kullum da hantsi da la'asar shi ke shiga ya hura mata wuta, ya zauna a kan dakali yana tura kara, yana gaya mata in ruwa ya tafasa. Mazan unguwa sun yi ta yi da shi, har suna aka sa masa, bai tanka wa kowa ba. Ramukan nan biyu kuwa bai taɓa gyara musu baki ba. Duk damina sai sun ƙara faɗi, in an ce ya yaɓe su kafin bangon ya zube, sai ya ce ya gama gini.