Motar Baba ta Cikin Kwamfuta

Babanmu direban motar haya ne, Dutse zuwa Jahun, Jahun zuwa Dutse, tun kafin a haife ni. Da hawan jini ya kayar da shi, ya shanye masa hannun hagu da ƙafa, sai aka sayar da motar, shi kuma ya shige ɗaki ya saki labule. Magana tana fita, hankali garau, da sanda zai iya takawa har ƙofar gida in ya so. Bai so ba ne kawai. Abokansa na tasha su zo dubiya, ya ce a ce musu yana barci. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk a banza. Abin ya ci mini rai ƙwarai, mutumin da na sani da cika gida da surutu shi ne ya koma kallon rufin ɗaki tun safe har yamma.

A lokacin ina buga takardu a wani ofis a sakatariya. An ɗauke mana tafireta an dire mana kwamfuta, saboda haka a unguwarmu ta Limawa ni ce gwanar na'ura, alhali iyakacina buga wasiƙa da goge ta. Shekarun nan ne da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, kowa yana gyara zamansa. Akwai wani mai shagon buga takardu da ya ajiye kwamfuta a lungu samari suna wasa. Ba wanda ya ce masa uffan, shi ne ya tsorata kansa, ya ce kada a wayi gari a ce caca yake gudanarwa, ya fara karyar da kayan shagon zai koma garinsu. Na leƙa sai na tarar ana tseren mota a gilashin. Ga titi shimfiɗe, bishiyoyi suna wucewa, ga sitiyari a ƙasa yana juyawa, har da ƙarar inji. Na saki baki ina kallo, nan take na ce a raina wannan ta Baba ce.

Na sayi kwamfutar. Kafin ya ba ni, mutumin ya wanke mata ciki tas, ya goge komai don kada a same shi da abin zargi, ya miƙo mini faifan wasan a leda yana waige-waige. Na kawo ta gida na kafa a falo, na tsaya bakin labule na ce, "Baba, na sayo maka mota."

"Uwata, ba na son wasa," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na rantse masa zai yi tuƙi, da hannu ɗaya ma. Washegari bayan la'asar sai ga labule ya ɗaga. Baba ne da babbar riga da hula, har da turare. Inna ta kusa sakin kwanon da ke hannunta. Aka zaunar da shi gaban kwamfuta, na zura faifai ina ta yanga, na danna. Gilashin ya yi baƙi, ya dawo, wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, wai wasan bai ga katin hoto ba, don haka ba zai tashi ba. Na sake dannawa, haka. Na kashe na kunna, haka dai.

"Ta ƙi tashi?" in ji Baba.

"Ɗan gyara ne, Baba."

"Haka suke yi." Ya laluba sandarsa ya koma ɗaki. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na san halinsa, in na sake fito da shi ta sake ba mu kunya, to ya gama fitowa ke nan.

Sai ga Baffa, ƙanen Baba, bakanike ne, kuma a duniya ba a yi abin da zai ce bai iya gyarawa ba. Na ce masa wannan fa ba mota ba ce. Ya kara kunne jikin akwatin ya ce, "Ke, duk abin da ke da fanka inji ne." Kafin in yi magana ya kwance murfin. Muka leƙa. Ga katin hoton nan, wani ɗan allo kore da 'yar fankarsa, shi ne mai zana duk abin da ke motsi a gilashi.

"Ga shi nan zaune daram!" in ji Baffa. "Makauniya ce? Ni da nake waje na gan shi, ita da yake cikin cikinta ba ta gani ba?"

Ya ce datti ne. Na shiga ɗaki neman tsumma, ina fitowa na tarar ya zare katin yana dirza shi da fetur da tsohon buroshin haƙori. Na ƙwalla ƙara, "Baffa, ka kashe ni!" Ko a jikinsa. Ya ce haka ake yi wa fulogin mota, ya shanya shi a tsakar gida, Inna ta kife masa kwando saboda kaji. Da ya bushe muka mayar. Ikon Allah bai mutu ba, fankar ta juya, amma wasan yana nan kan bakansa, bai ga kati ba. Baffa ya ɗaɗa wa akwatin mari a gefe. Ya ɗaga shi ya girgiza. Inna ta zo da kaskon turaren wuta ta zagaye teburin, ta ce kayan da ya fito daga shago ba a san idon da ya kalle shi ba. Baffa ya share gumi ya ce da mota ce da tuni mun tura ta ta tashi.

Na yi kwanaki ina fama. Na cire wasan na mayar, na shiga duk lungun da na sani a kwamfutar nan da wanda ban sani ba. Na tambayi mutanen ofis, kowa ya ba ni nasa maganin, wani ma cewa ya yi in sa ta gaban fanka ta sha iska. Duk wannan abin da ake Baba bai tambaya ba ko sau ɗaya. Amma Inna ta raɗa mini cewa bai bari an mayar da babbar rigar akwati ba, tana nan rataye a ƙusa.

Da haƙurina ya ƙare na ce sai na nemo wanda ya sayar mini. Aka ce yana Jahun yana sayar da hatsi tare da surukinsa. Baffa ya ɗauko motar wani da aka kawo masa gyara, wai gwaji zai yi mata, muka kama hanya ranar kasuwa. Muka same shi tsakiyar buhunan gero, ya tsayar da gemu, surukin nasa dattijo yana zaune gefe da carbi. Na gaishe su, na ce, "Malam, wasan motar nan ne ya ƙi."

"Wane wasa?" ya faɗa da ƙarfi. "Hajiya, gero nake sayarwa. Kwano nawa za a auna?"

Kai, raina ya ɓaci! Na taso tun daga Dutse cikin motar da birkinta sai an yi masa famfo, a ce mini gero? Na ce, "To madalla. Bari in yi wa Baban nan bayani, shi ya raba mu." Na juya wajen dattijon. Tsam mutumin nawa ya miƙe, ya ce ai ya tuna, wata tsohuwar magana ce ta aikin ofis, ya ja mu bayan wani amalanken shanu.

Can ya yi ƙasa da murya. Ya ce kwamfutar nan katin hoto biyu gare ta. Akwai tsoho wanda aka ƙero ta da shi, manne a jikinta, akwai sabon da ya saya ya ƙara, wato wanda Baffa ya yi wa wanka. Da ya wanke mata ciki sai ta manta da sabon ta koma wa tsohon, shi kuwa tsohon rubutu ya iya, ba ya iya tsere. Akwai wani faifai da zai gabatar mata da sabon, kamar yadda ake kai baƙo gun mai unguwa. Bayan nan in dakatar da tsohon, in zare wayar gilashi daga kafar sama in mayar kafar ƙasa. Na ce ina faifan? Ya sosa ƙeya, ya nuna kekensa. Ga shi can rataye da zare a gaban keken yana walƙiya, ya mai da shi ado. Baffa ya tsinke zaren, ya goge faifan da gefen rigarsa.

Mun iso gida da rana tsaka, aka yi sa'a akwai wuta. Faifan ya yi gurnani, ya yi kamar zai ƙi, ya dai karanta. Na juya ina yi wa Baffa bayani da ƙarfi, ina jin kaina, "Saura a kashe tsohon. Shi ne ya tare wuri, ba ya iya gudu kuma ya hana sabo aiki."

"Me tsohon ya yi muku?"

Daga bayan labule maganar ta fito. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ga ƙarar sanda, Baba ya fito da 'yar shara, ko hula babu.

"Ba shi ne yake nuna muku rubutun nan ba tun da aka kawo ta?"

"Shi ne, Baba."

"Ya taɓa ƙin aiki?"

"A'a. Gudun ne dai ya fi ƙarfinsa."

"Cire shi za ku yi ku yar?"

Na ce ba ya ciruwa, a jikinta yake, ko an dakatar da shi yana nan a wurinsa. Baba ya ƙura wa akwatin ido. Can ya ce, "To ba a sallamar ma'aikaci haka kamar an kori akuya. A gaya masa tukuna." Ya dubi Baffa. Baffa ya dube ni, na kau da kai, don in muka haɗa ido dariya za ta ƙwace mini, kuka kuma yana kusa. Yayansa ne, ba damar musu. Haka Baffa, da furfurarsa, ya durƙusa gaban akwatin kwamfuta ya gyara murya ya ce, "To, bawan Allah, an gode. Allah ya saka da alheri. A huta, a yafe mu." Inna daga bakin ƙofa ta ce amin, da gaske kuma take.

Baba ya ce shi zai danna da hannunsa. Na nuna masa, ya danna, na kashe na kunna. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Muka jira, shiru, ko rubutun da muke samu a da babu.

"Kun gani ko?" in ji Baba. "Ya yi fushi."

Baffa har ya ɗaga hannu zai kai mari, sai maganar waya ta faɗo mini. Na zagaya baya da gudu, na zare ta daga kafar sama na cusa a ta ƙasa. Gilashin ya yi ƙyaf ya kawo haske. Na danna wasan. Ɗan akwatin nan mai baƙin labari bai fito ba. Sai kiɗa, sai ƙarar inji, ga motoci jere a bakin layi.

Na ɗora yatsun Baba na dama a kan maɓallan, wannan totur, wannan birki, waɗannan biyun sitiyari. Aka ba da hannu, motocin nan suka fyalla kamar an koro su. Motar Baba ba ta motsa ba, addu'ar hawa abin hawa yake karantawa, a nutse, har ƙarshe. Sannan ya waiwayo ya ce, "Ku zauna mana, ana tuƙi kuna tsaye a kaina?" Muka jawo kujeru muka jeru a bayansa, Inna ma ta zo ta raɓa.

Ya ja mota a hankali, ya kama gefen dama na titi ya manne. Baffa ya kasa haƙuri. "Yaya, taka mana! Tsere ne fa! An bar ka!"

"Da fasinja a ciki?" in ji Baba, ko waiwaye babu.

Kafin kowace kwana sai ya rage gudu, ya tambaye ni ina hon, na ce babu, ya ce aikin banza. Motocin suka zagayo suka sake wuce shi, wata ta goge shi a gefe, ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan yau!" Wata ta yi karo da bishiya ta wuntsila, ya yi salati ya tsaya cak, sai da ya ga ta miƙe ta ci gaba sannan ya wuce. Muna ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ina kallonsa ta gefe, ya miƙe zaune, kafaɗarsa tana bin kwana, bakinsa bai huta ba, yana ta faɗa da direbobin da ba sa jin sa. Rabon da in ji muryar nan haka tun kafin ya kwanta.

Shi ne na ƙarshe, an daɗe da gamawa kafin ya iso. Da ya haye layin bai kula da rubutun da ya cika gilashin ba. Ya gangara gefen titi ya taka birki, ya sauke hannunsa a cinya, ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa ya sauka lafiya?"

Baffa ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Inna ce ta amsa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Lafiya lau, Malam. Sannu da hanya."