Sunan da Ya Gagari Baba

Na ga abubuwa da yawa a zamana na Arlit, amma ranar da aka tambayi wani tsoho sunan ɗansa ya kasa faɗa, ita ce ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin kasuwar uranium ta faɗi. Kamfani na ta sallamar ma'aikata, fari ya cinye dabbobin mutanen daji, tawaye kuma ya sa hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. Ni tela ne daga Damagaram, sai in wuni ban ga mai kawo yadi ba. Maƙwabcina wani dattijo ne mutumin Tawa, tsohon direba a wurin haƙar uranium ɗin, wanda aka yi wa ritayar dole. Matarsa ta rasu, idonsa ya fara hazo, ba shi da aiki sai zama bakin shagona yana kushe ɗinkina. Baba nake ce masa.

Ɗa ɗaya gare shi, wanda karatu ya kai Turai ya zauna can. Shi ya matsa wa Baba ya koma wurinsa, a yi masa aikin ido, ya ƙarasa kwanakinsa cikin jikoki. Baba na so ƙwarai ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ni na ɗinka masa riguna masu kauri, shi ya sa na sani. Sharaɗin bizar tsofaffi kuwa, sai an tabbatar ɗan da ka haifa ne zai riƙe ka. To yaron a hannun yayan Baba ya tashi, kamar yadda ake yi da ɗan fari, har lekol, wato makarantar boko, ta rubuta shi da sunan yayan a matsayin uba. Don haka aka ce Baba ya zo ofishin jakadanci a Yamai a ji daga bakinsa.

Ni na raka shi. Mun jira ayarin soja har muka gaji, mun sha rana a bayan kamyo, babbar motar kaya, kowane shinge a sauke mu a bincike. A Yamai kuma yau a ce hoto, gobe takardar likita, jibi mai sa hannu ba ya nan. Ni mai sauran ƙarfi ma na ƙosa.

Ranar da aka kira mu, wata Baturiya ce bayan gilashi, da wani mai fassara wanda Hausarsa ta kasuwa ce. Aka ce in zauna a benci in yi shiru. Ta tambayi sunan wanda ya gayyace shi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaron ga na."

"Wane yaro? Sunansa ake so."

Baba ya gyara hula, ya zuba wa takalminsa ido. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke faruwa. Mutanen zamanin Baba ba su kama sunan ɗan fari, ba su ma nuna nasu ne a gaban jama'a. Tun da aka haifi yaron, sunan bai taɓa fita bakinsa ba.

Ta sake tambaya, ɗansa ne ko ba ɗansa ba ne? Baba ya yi ɗan murmushin kunya ya ce, "Ai ɗan yayana na." Mai fassara ya juya mata yadda ya ji. Na miƙe na ce, "Wallahi kunya ce, shi ya haife shi!" Mai gadi ya zaunar da ni. Ta turo fasfo ta ƙarƙashin gilashi babu biza, shi ke nan. Har yau ban ga laifinta ba, abin da ta ji ta rubuta.

Da muka fito na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Baba, duk wahalar nan, suna ɗaya ya gagare ka?"

Ya ce, "Tela, halshen na ya ƙiya. Mi zan yi mishi?"

An ce ana iya sake nema gaba, muka kamo hanyar gida a gajiye. Baba ya koma bakin shago, amma ya daina kushe ɗinkina. In ina taka keke sai in ga leɓensa na motsi, na ɗauka tasbihi ne. Wata rana zare ya tsinke, keke ya tsaya, sai na ji shi. Sunan yaron yake ta maimaitawa, yana koya wa harshensa. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da taka keken babu zare.

Hanya ta ƙara lalacewa, ayari ya yi wuya. Kafin mu samu komawa Yamai Baba ya kwanta, bai tashi ba. Ɗan ya iso bayan an share makoki. Ya zauna inda uban ke zama, can ya ce, "Malam, ko sau ɗaya ka taɓa jin ya kira sunana?" Na gaya masa ranar da zare ya tsinke. Ya rufe fuska da hannu, ya daɗe bai buɗe ba.

Da kunya aka raine mu, kuma ban raina ta ba. Amma na koyi cewa abin da kake ji game da ɗanka, ka faɗa tun yana kusa da zai ji. Da yammacin ranar na shiga gida na kira ɗana na fari da sunansa. Ya waiwayo a firgice, yana zaton laifi ya yi.