An Ce Sanatu Ta Koma Baya

Sanatu mai man kaɗe ce a wani ƙauye gabas da Yendi. Kamar uwarta, ita ma amodari ya juya mata gashin ido ciki, kowace ƙiftawa sai ya karce ta. Da matsefata a wuya take yawo, in abin ya ishe ta ta zauna ta tsige.

Da masu aikin ido suka fara zuwa, matan ƙauyen gudu suka yi. Wa zai yarda a sa masa wuƙa a fatar ido? Ganin haka Wumbei, malamin asibitin da ke yin aikin, ya roƙi Sanatu ta taimaka, don matan suna jin maganarta. Ta bar tukunyarta ta shiga gida-gida. Wata ta lallashe ta, wata ta yi mata gori, wata sai da ta riƙe mata hannu har aka gama ɗinki.

Duk zuwan motar masu aikin takan ce, "Wumbei, yau dai da ni ko?"

"Mma Sanatu, naki bai yi tsanani ba. In kika kwanta jinya wa zai kawo mana mutane? Ke ce ta ƙarshe, da hannuna zan yi miki."

"To ɗana, kada dai ka bari in tsufa a layi."

Su yi dariya.

Shekaru suka wuce, motar ta rage zuwa, daga baya ta daina. Idon hagu ya soma yin hakiya. Rannan rediyo ya ce an kawar da amodari a ƙasar baki ɗaya, za a yi biki a Tamale. Ba wanda ya aiko mata, amma ta ɗaura sabon zane ta hau mota.

Ta sami Wumbei cikin manyan baƙi, ya yi ƙiba. Da ya ga hawaye na bin kumatunta, idon ya yi jawur, sai ya ja ta gefe.

"Mma, an ce an kawar, ba wai babu mai shi ba ne. Ya dai ragu. Ki je asibiti za su duba ki, ni an mai da ni Accra."

"Da hannunka ka ce."

Ya waiga wajen masu ɗaukar hoto. "Don Allah ki ɗan koma baya. Kada baƙi su ga idon nan yau."

Ta koma baya. Daga can ta ji an kira sunansa ana ta tafi.

Wata matashiyar ma'aikaciya ce ta yi mata aikin daga baya, a Yendi. An ceci idon dama, na hagu ya riga ya tafi. Da masu rigakafi suka zo ƙauyen suna neman wadda za ta tara musu mata, kowa ya nuna gidan Sanatu. Ta ba su ruwa suka sha, ta ce aiki ya yi mata yawa.